Farfesan da Aka Kama da Ƙwayoyi a Kula

Idan aka sallame sallar asuba, sauran maza su koma su ɗan miƙe ko su zauna jiran ruwan shayi, shi Farfesa bakin famfo yake nufa. Wanke hannu. Ba irin namu ba da ake tsoma yatsu a ruwa a goge a zane. Zai bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya sosa ƙarƙashin farce, ya hau har gwiwar hannu, ya sauko, ya sake hawa. Matarsa, wadda facalata ce, ta ce da sabulu yana da baki da tuni ya kai ƙara. Daga nan ya zura rigarsa mai aljihu biyu, biro a na dama, cokalin shayi a na hagu. Ya shiga tsohuwar motarsa, ta yi tari, ta yi atishawa, ta tashi. Sai jami'a.

Masu sharar ɗakin bincikensa sun ce in ya tura ƙofa, kafin ya gaida ɗan Adam sai ya gaida firiza. Ya ɗora kunne a jikinta ya ji tana gurnani, sannan ya ce, "Madalla, kun tashi lafiya." Sai ya ɗora farar riga ya shiga girki. I, girki. Mutumin da a gida bai san inda ake ajiye ashana ba, a can shi ke auna gari, ya dama, ya dafa, ya zuba a 'yan faranti na gilashi masu murfi, ya jira abin ya daskare. Abincin yaransa ke nan. Yaran kuwa ba mai ganinsu sai ta madubin nan nasu mai ido ɗaya, wanda ke mayar da kwarkwata giwa.

Ƙanin mijina ne, don haka ba wanda zai ba ni labarinsa. Na same shi yana ɗan firamare da gajeren wando mai faci biyu a baya, yana bin tururuwa har raminsu. Yau ga shi ya yi furfura, ya yi ritaya, an ce masanin ƙananan halittu ne da ake ji da shi. Na ce to, tunda jarida ba ta san da shi ba, rediyo ba ta san da shi ba, bari ni da karatuna bai wuce na haɗa baƙi ba in kama alƙalami in yi masa jinjina. In kuma wani abu ya zame ya fito wanda bai so a sani ba, ya yi haƙuri, bakin tsufa ba shi da marfi.

Aikinsa, yadda aka yi ta maimaita min har na gane, shi ne wannan. Akwai halittu ƙanana da ido ba ya gani, ana ce musu ƙwayoyi. Mu mun san na cuta kawai. Ashe akwai na kirki. Nasa suna zaune ne a saiwar wake, cikin 'yan ƙulle-ƙullen nan da kake gani in ka tuge shuka. Su ke zuƙo abinci daga iska su ba waken, manomi ya samu sauƙin taki. Matsalar ita ce yawancinsu ragwaye ne, da ƙasa ta ɗauki zafi sai su mace. Farfesa ya ƙare ƙuruciyarsa yana neman wadda ba ta mutuwa.

Cokalin aljihun nan, na ɗiban ƙasa ne. Ba gonar da bai durƙusa ba, ba bakin rafin da bai kankara ba. An taɓa zuwa ta'aziyya da shi wani ƙauye, ana tsakiyar addu'a aka neme shi aka rasa. Sai ga shi a bayan katanga a tsugunne, yana zuba ƙasa a leda. 'Yan'uwan mamaci suka kewaye shi, wai sawun wa yake ɗiba. Sai da yayansa, marigayi mijina, ya yi ta rantsuwa cewa ba mugu ba ne, karatu ne ya yi masa yawa.

A irin wannan yawon ya samo ta, a gonar wata tsohuwa da wakenta ke tsaye kore shar lokacin da na maƙwabta ya ƙone. Ya raine ta a faranti, ya gasa ta, ya hana ta ruwa, ta ƙi mutuwa. Ya sa mata suna Mai Haƙuri. Tun kafin a haifi autansa take cikin firizar nan, a 'yar kwalba da ba ta wuce ɗan yatsa ba, ita da sauran 'yan'uwanta da ya tattaro. Daga jikinta ake ɗiba a hayayyafa, a shafa wa iri, a ba manoma. Yaran gida suna ce mata Yaya, don sun ce ta fi su gata.

Ɗalibansa kuwa Malam Sake suke ce masa a bayan ido. Ka kwana uku a tsaye ka kawo masa sakamako kana washe baki, ya duba ta saman tabarau ya ce, "Ya yi kyau. Sake." Akwai wata doguwar yarinya da ya sa ta sake gwaji har ta zauna a ƙasa ta yi kuka da majina, ta ce ita aure za ta yi ta huta. Ya miƙa mata hankici ya ce, "Allah ya sanya alheri. Kafin nan, sake." Da aikin ya fito a mujallar masana ta ƙasar waje, sunanta ne a gaba, nasa a can ƙarshe kamar ɗan rakiya. Ta je ta ce, "Malam, ai kai ka kawo dabarar." Ya ce, "Ke kika yi kukan." Yau Dakta Doguwa ita ke shugabantar ɗakin gwajin ruwan sha na gari, kuma an ce ita ma kalmar da ta fi yawa a bakinta ke nan.

An ce duk wanda zai yi rubutu a kan saiwar wake a ƙasa mai zafi, ko a wace nahiya yake, sai ya ambaci sunan Farfesa. Mu a unguwa ba mu san wannan ba. A wajenmu shi ne mai motar nan da ake turawa ranar sanyi.

To, ga abin da ya faru a makonsa na ƙarshe a bakin aiki.

Ya shiga da safe ya ɗora kunne a firiza, ya ji shiru. Ta mutu. Mai gyara ya zo ya buɗe bayanta, ya yi tsaki, ya ce abin da ya ƙone sai an aiko daga wani gari. Su kuwa ƙwayoyin nan, in suka narke suka ji ɗumi suka daɗe a haka, shi ke nan, sai labari. Farfesa bai tsaya neman shawara ba. Ya kwashe kwalaben ya jera a babbar kula, ya sa a mota, ya nufo unguwa wajen mai ƙanƙara, wanda firizarsa ke aiki da sola ba ruwanta da ɗauke wuta. A hanya ya yi ta buga wa tsofaffin ɗalibansa waya, kowa ya zo gobe da 'yar kularsa ya ɗauki wani kaso ya adana a wajen aikinsa.

Shagon mai ƙanƙara da na mai aski falanki ɗaya ne ya raba su. Ku riƙe wannan.

"Ga amana na kawo maka," in ji Farfesa, yana haki. "Ƙwayoyi ne."

Mai ƙanƙara ya dubi hagu, ya dubi dama. "Baba Farfesa, ƙwa... me?"

"Ƙwayoyi. Masu ƙarfi ne, ba irinsu a ko'ina. Ka tura su can ƙasa inda ba wanda zai gani ya taɓa. Gobe ɗalibaina za su zo, kowa zai karɓi rabonsa."

A ɗaya gefen falankin, almakashi ya tsaya cak. Wanda ake yi wa aski ya fita da rabin kai, shi ma bai damu ba, sauri yake. Kafin azahar labari ya kai teburin mai shayi. Kafin la'asar ya kai wajen niƙa, ya yi ƙiba a hanya. Wata ta ce dama ita ta daɗe tana lura, idonsa ɗaya kullum a kanne yake. Wata ta ce shi ya sa yake magana shi kaɗai. Wani ya ce ga dalilin wanke hannu, warin yake gogewa. Shekara da shekaru mutum yana leƙa madubi da ido ɗaya don mu ci wake, a yini guda aka mayar da shi babban dila.

Washegari da hantsi, Farfesa ya je duba amanarsa, sai ya tarar da motar 'yan sanda a ƙofar shago. An riga an fito da kwalaben, an zuba su a kula da 'yar ƙanƙarar da ba ta kai ta jiƙa maƙoshi ba. Aka ce ya shiga mota. Ya shiga da sauri, don kular tana ciki.

A caji ofis aka ɗora kular a kan benci, daidai taga, inda rana ke zubowa. Sufeto, wani ƙato mai gashin baki kamar tsintsiya, ya gyara zama ya buɗe biro. Wanda ya ba ni wannan hirar yana bayan kanta a lokacin saboda rigimar akuya, kuma ya rantse bai ƙara ko gishiri ba.

"Dattijo, ka san abin da ke cikin kular nan?"

"Ƙwarai kuwa. Ƙwayoyi."

Sufeto ya ɗago. Bai saba samun amsa da wuri haka ba. "Naka ne?"

"Nawa ne. Ɗana, ka sa a janye su daga rana."

"Guda nawa ne?"

"Wa zai iya ƙirgawa? Kowace kwalba akwai miliyoyi."

Biro ya faɗi. Kofur ya ɗauko ya miƙa.

"Daga ina ake kawo maka?"

"Ba a kawo min. Ni nake kiwon abina."

"Kiwo! A ina?"

"A jami'a. Ɗaki guda aka ware min."

"Hukumar makarantar ta sani?"

"Ita ke biyan kuɗin wutar."

Sufeto ya share gumi. "Wa kake rabawa?"

"Ɗalibai. Da manoma. Manoman ma sun fi damuna, wanda ya gwada sau ɗaya ba ya iya bari, kowace damina sai ya dawo. Don Allah ranar nan..."

"Ba ka ji kunya ba, da furfurarka?"

"Kunyar me? An ba ni lambar yabo a kai."

Kofur ya ce, "Oga, wannan ko a jikinsa."

Farfesa bai ji shi ba. Idonsa na kan benci. Ruwa ya fara tsattsafowa ta gindin kular, ɗis, ɗis, yana taruwa a siminti. Ya miƙe, aka ce ya zauna. Ya cire agogonsa da tabarau da makullin mota ya tura gaban Sufeto.

"Ku rufe ni. Ko wane ɗaki ne, ko kwana nawa ne. Amma ku aika a sayo ƙanƙara a zuba musu. Ban taɓa roƙon mutum ba, yau ina roƙonka."

"Shaida ce. Ba mai taɓa shaida sai mai bincike ya zo, shi kuma ya tafi kotu." Sufeto ya girgiza kai ya dubi kofur. "Ka ga masifar abin? Ya yarda a rufe shi, a bar masa kayan."

Kai ne, Farfesa, aka tara maka mutane a taga ana leƙenka kamar ɓarawon kaji, ba ka tambayi wa ya kai ƙararka ba. Kai ne mutuncin da ka tara tun kana saurayi yake zubewa a titi, ba ka waiwaye shi ba, kana ƙirga ɗigon ruwa. Uban marasa baki, mai reno ba a gode maka ba. Da ni ce, wallahi da na tsine wa unguwar nan gida gida har da kajinsu.

Ana haka facalata ta faɗo, mayafi a hannu, takalmi wari da wari.

"Malam! Me ka ce musu?"

"Gaskiya na faɗa musu."

"Wace gaskiyar? Sau nawa zan ce maka ka riƙa yi wa mutane magana irin ta mutane?" Ta juya. "Yallaɓai, mutumin nan ko goro ba ya ci. Maganin ciwon kai sai na ɓoye masa a cikin ayaba."

"Hajiya, manyan dilolin ai ba sa sha," in ji Sufeto.

Bai rufe baki ba sai ga ƙarar motoci da babura a harabar. Ɗaliban ne. Sun je shagon mai ƙanƙara kamar yadda aka yi da su, aka nuno musu nan. Suka shigo a jere, maza da mata, wasu da furfura, wasu da tumbi. Akwai mai kula da ɗakin gwajin jini na asibiti, akwai malaman jami'o'i har da wanda ya kwana a hanya, akwai mai duba lafiyar madara a kamfani, akwai malamin wata sakandare da ke tsallaken titi daga caji ofis ɗin. Kowa riƙe da 'yar kularsa.

"Lafiya?" in ji Sufeto.

Na gaba ya ce, "Wajen Malam muka zo. Mun zo karɓar namu."

Sufeto ya miƙe tsaye a hankali, fuskarsa ta yi haske kamar wanda aka yi wa albishir da ƙarin girma. "Kofur, rufe ƙofa. Yaran dila sun kawo kansu."

Dakta Doguwa ce ta fara ganewa. Ta dubi Sufeto, ta dubi Malaminta, ta ce, "Yallaɓai, wace irin ƙwaya kake nufi?" Da ya faɗa, sai ta dafa kanta ta fashe da dariya, ta yi ta yi har hawaye. Sauran suka kama. Farfesa kaɗai ne bai yi ba, yana ta tambaya, "Me ya faru? Wace ƙwayar ce kuma ake sha?" Sai idon Doguwa ya sauka a kan ruwan da ya malalo har ƙarƙashin teburi. Dariyar ta ɗauke kamar an kashe rediyo.

Ta yi bayani. Na asibiti ya yi. Na madara ya yi. Kowa ya ciro katin aikinsa. Sufeto ya ce shi ya ga kati iri iri a rayuwarsa. Ya ɗaga kwalba ɗaya a haske ya girgiza, Farfesa ya yi ƙara kamar an taka masa ƙafa.

"To ina ƙwayar? Ni ruwa nake gani."

"Ba a ganinsu," in ji Farfesa.

"Miliyoyi, amma ba a gani. Ni za ku mayar yaro? A buɗe in shinshina."

"A wannan ƙurar? Gara ka harbe ni."

Malamin sakandare ya ce a ba shi izini ya tsallaka titi. Aka haɗa shi da ɗan sanda, suka dawo da madubin makaranta mai ido ɗaya a rungume. Doguwa ta waiga, ta hango randar ruwan sha a bayan ƙofa, wadda da gani tun zuwan Sufeto ofishin ba a taɓa juye ta ba. Ta zura hannu can ƙasa, ta lakato ɗigo ɗaya, ta ɗora a gilashi, ta sa ƙarƙashin madubin, ta murɗa, ta murɗa, ta ce, "Bismillah, Yallaɓai. Kanne ido ɗaya."

Sufeto ya sunkuya. Ya kanne ido ya leƙa. Sai ya yi baya har ya ture kujera.

"Innalillahi! Wancan mai gashin fa? Iyo yake yi! Ga wani ya bi shi!"

"A randarka suke."

"Wadda na sha ɗazu?"

"Kofi biyu, Oga," in ji kofur.

Sufeto ya dafe ciki. Ya sake leƙawa, ya sake ja da baya. Murya ta yi ƙasa. "Su ne ƙwayoyin?"

"Danginsu ne," in ji Doguwa. "Na Malam sun fi waɗannan ƙanƙanta, sun kuma fi su tarbiyya. Wake suke ciyarwa. Kuma tun ɗazu suke mutuwa a kan bencinka."

A gaskiya, a yaba wa Sufeto. Da kansa ya sungumi kular, ya ce Baba Farfesa ya shiga gaban mota, ya kunna jiniya. Unguwa ta fito kallon an dawo da dila, sai suka ga Sufeto yana buɗe masa ƙofa yana cewa a ba da hanya. Amma da aka buɗe kular a shagon mai ƙanƙara, ba sauran ƙanƙara. Farfesa ya tsoma hannu, ya ji ruwan da ɗumi kamar na wankan jariri. Ya daɗe hannunsa na ciki. Mai aski da ke leƙe ta ramin falanki ya janye idonsa.

Ba a sanin mai rai da matacce da ido. Sai an shafa kowace kwalba a farantin abincinsu, a sa a akwatin ɗumi, a jira kwanaki. In ta tsiro tana nan, in faranti ya zauna fes ta tafi. Manyan mutanen nan duk suka kira wuraren aikinsu suka ce ba sa nan. Suka tuɓe manyan riguna, suka koma ɗakin da suka yi kuka a cikinsa suna yara, wannan na dafawa, wannan na shafawa, wannan na rubuta suna a murfi. Shugabar ruwan gari guda tana wanke kwalabe.

Wasu suka tsiro. Da yawa ba su tsiro ba. Farfesa yakan ɗaga farantin da ya zauna fes ya faɗi inda ya samo ta. Wannan daga bakin wani rafi ne da yanzu aka gina tasha a kai. Wannan daga wata gona ce da ta zama gidajen haya. Ba inda za a koma a ɗebo. Ya ajiye a gefe a hankali, ya ɗauki na gaba. Facalata ta ce a kwanakin nan abinci sai dai ya jagwalgwala ya tashi. Farantin Mai Haƙuri kuwa shiru. Dama ita mai nawa ce, ba ta gaggawar fitowa, amma wannan shirun ya fara wuce saninsa.

Ranar walimar sallamarsa ta zo a haka. An cika babban zauren jami'a, an jera kujeru masu riga, an kawo mu 'yan'uwa an zaunar a gaba. Shugabanni suka yi ta jawabi, kowa na nuna kujerar tsakiya yana cewa "wannan bawan Allah." Kujerar kuwa ba kowa a kai. Da abin ya ishi facalata, ta ja hannuna muka fita, ɗaliban suka biyo mu ɗaya bayan ɗaya, har zauren ya koma rabi.

Muka same shi tsaye gaban akwatin ɗumi, da sabon ɗinkin da aka yi masa don ranar, ya ɗora farar rigar aiki a kai. Hannunsa na kan marfin, ya kasa buɗewa.

"Malam, ana jiranka," in ji facalata.

"Na sani."

"To buɗe mana. Ko ta mutu ko tana raye, tsayuwarka ba za ta canja ba."

Ya buɗe. Ya ɗauko farantin ya ɗaga saitin taga, ya kanne idon nan nasa. Na yi ɗage na leƙa ta ƙarƙashin hammatarsa. Wasu 'yan ɗige ɗige ne farare, ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba, kamar yaro ya yi atishawa da madara a baki. Na ce, "Wai wannan ce? A kan wannan aka kunna jiniya?" Ba wanda ya kula ni. Doguwa ta toshe baki da mayafi. Na madara, ƙato da shi, ya juya yana kallon bango.

Farfesa bai yi ihu ba. Leɓensa ya motsa, ya yi hamdala. Sai ya miƙa wa Doguwa farantin da hannu biyu.

"In ta ƙara ƙarfi ki raba musu. Kowa ya tafi da ita. Laifina ne da na bar ta a ɗaki ɗaya, kamar ni kaɗai na iya riƙo. Kun iya."

Ya cire farar rigar, ya rataye a ƙusa, ya dubi matarsa. "An bar min abinci kuwa? Yunwa nake ji."

Yanzu Mai Haƙuri tana zaune a firizoji da yawa, a garuruwa daban daban, har da ƙetare, kowace a hannun wanda ya taɓa jin "sake" daga bakinsa. In wata ta mutu, wata na nan. Shi kuma yana gida. Facalata ta ce in sanar da ɗaliban, duk mai kujera da madubi a wajen aikinsa ya taimaka ya riƙa zuwa yana ɗaukarsa ko yini ɗaya a mako, don ya fara bin soson wanke-wankenta da wani irin kallo.

Farfesa, ƙanena, mun gode. Mun gode da gwiwoyin da ka kashe a gonakin mutane. Mun gode da 'ya'yan wasu da ka tura gaba ka tsaya a baya. Ka yafe wa unguwa, jahilci ne da son labari, kuma ka ga yanzu har masu tura motarka sun ƙaru.

Ku kuma yara masu tasowa, da kuke ganin aiki bai cika ba sai an ɗauke ku hoto kuna yi, ga mutum nan ya ƙare rayuwarsa yana yi wa abin da ba a gani hidima, saboda mutanen da ba za su taɓa sanin sunansa ba. Ku nemi abu ɗaya mai amfani ku riƙe shi irin wannan riƙon, ku koya wa na bayanku tun kuna da ƙarfi. In Allah ya sa kun zama masana, don girman Allah ku koyi yi wa mai ƙanƙara bayani.

Duk wanda ya ci wake ya ƙoshi bana, ya ɗaga hannu ya sa wa wani tsoho mai cokali a aljihu albarka. Ba sai ya san sunansa ba. Wanda ake roƙo ya sani.